Sun Rubuta Cewa Na Manta Sunan 'Yata

Hajiya Rabi, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan kai wa wannan magana a garinmu ba a ce tsufa ne ya fara taɓa ni ba.

Ni tsohon malamin firamare ne a wani ƙauye na yankin Anka. Na yi karatu lokacin da karatu yake karatu, na fito da Turancin da har masu duba makarantu suke jinjina wa. Abin da Turancin ya tsinana mini shi zan ba ki labari.

Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyukanmu, ta ɗauke mini 'yata ta fari. Sai da furfura ta fara fito mini Allah Ya ba mu ita. Ban taɓa haƙar zinare ba, ban taɓa shigo da dutsensa gidana ba. Katanga ce kawai tsakaninmu da inda ake niƙa, gubar kuwa ba ta san katanga ba. Yarinya na wasa a ƙasa tana kai hannu baki, sai jijjiga, sai kabari.

Bayan haka wasu baƙi suka zo da kyamara za su yi fim a kan abin da ya same mu. Da yake ni ne mai Turanci, aka sa ni tafinta. Ina ta fassara kukan mutane, har shugabarsu ta ji cewa ni ma na yi rashi, ta juyo da kyamarar kaina. Ta tambaye ni sunan yarinyar. Hajiya, ke ma kin san gidan da muka fito. Wa ke kiran sunan ɗan fari? Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran nawa ba. Na sunkuyar da kai. Ta sake tambaya, na ce yarinyar dai. Ban yi kuka ba, don ba a raine mu da kuka gaban baƙi ba.

Ƙanwar marigayiyar, Fauziyya, tana goye a lokacin da gubar ta shigo. Likitoci suka yi mata magani, Allah Ya raya ta, yanzu tana karatun aikin lafiya. Bara wata ƙawarta ta nuna mata wani shafin intanet da ake tara bayanan finafinan duniya, wanda kowa ke iya shiga ya rubuta abin da ya ga dama. A taƙaitaccen labarin fim ɗin, wani ya rubuta cewa akwai malamin da kwaɗayin zinare ya sa ya kashe 'yarsa, har ya manta sunanta. Wani ya ce ɗan wasa ne aka biya, don uban gaske zai yi hawaye. Wani mai tausayi kuma ya ga gurbin suna ba kowa, sai ya cike da Hafsa. Ba sunanta ba ne. Sauran suka bi suna ba mu taurari, wannan uku, wancan biyu, kamar masu taya rago a kasuwa. Mutanen da ba su san ko Anka gari ne ko abinci ba!

Fauziyya ta aika gyara, aka ƙi karɓa, wai babu hujja. Maganar ɗiyata ba hujja ba ce, ta baƙon da bai taɓa shan ruwan rijiyarmu ba ita ce hujja. Sai ta zo ta roƙe ni in zauna ta ɗauke ni da waya, in faɗi sunan yayarta da bakina. Na kasa. Innarta ma ta kasa. Fauziyya ta ce kunyar wa nake ji, alhali mai sunan tana ƙasa? Tun daga ranar, in an yi hutu sai ta sauka Gummi gidan gwaggonta. Gaisuwa ma ta waya ce, a gajarce.

Na rasa ɗaya saboda guba, ga shi zan rasa ta biyu saboda rubutun wanda ban sani ba. Ni dai na daina ganin amfanin ilimi. Yaya zan yi?

Tsohon Malami, Anka

*

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sa ta zama mai ceto a gare ku.

Ba ka yi laifi gaban kyamara ba. Shirun da ka yi tarbiyya ce, duk wanda ya tashi cikinmu zai gane nauyin da ke ciki. Su kuwa masu rubutun, ba lallai mugaye ba ne. Sun ga shiru, a wurinsu shiru mantuwa ne, suka rubuta iyakar saninsu. Irin waɗannan shafuka haka suke: akwai masu aikin tsakani da Allah, akwai masu cike gurbi da zato, masu tacewa kuma ba su san al'adarmu ba.

Gyaran shafi abu ne mai yiwuwa. Ku nemi waɗanda suka yi fim ɗin, sunayensu na ƙarshensa. Ka rubuta musu da wannan Turanci da kake rainawa, ka bayyana kunyar ɗan fari, ka nemi su aika gyaran da kansu, don maganarsu ta fi shiga. Ku kuma kai ƙorafi kan zargin kisa, shafuka da dama suna cire ƙazafi. Zai iya ɗaukar lokaci, wani kuma na iya sake rubuta shirme gobe. Kada ka rataya kwanciyar hankalinka a can.

Amma Malam, ba shafi ne ya kai Fauziyya Gummi ba. Ta girma a gidan da ba a ambaton yayarta, sai ga baƙi sun ce an manta ta, ta duba gida ba ta ji abin da zai ƙaryata su ba. Ba raina al'ada take yi ba, tsoro take ji. Ita ma ta yi gaggawa da ta sa maka waya a fuska, wannan zan faɗa mata in ta karanta.

Kunya ado ce, ba farilla ba. Ba sai duniya ta ji ba. Ka shirya ka tafi Gummi da ƙafarka, kada ka aika. Ku zauna ku biyu, babu waya. Ka ba ta labarin yayarta, abin da take so ta ci, yadda take dariya. Sa'annan ku ɗaga hannu ku yi mata addu'a, ka ambace ta da sunan da ka raɗa mata a kunne ranar da ta zo duniya. Ka taɓa faɗinsa sau ɗaya, Malam. Fauziyya na jiran na biyu.

Allah Ya sanyaya zuciyarka, Ya dawo maka da ɗiyarka gida.

Hajiya Rabi