Na Dasa Namijin Malam Buba a Garkarka

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, shekara biyu ke nan da muka kai ka makwancinka. Da kana raye ma da ba ka bari na kai ƙarshenta ba. Shi ya sa yau zan faɗi komai.

Gida lafiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta. Gidajen Azare sun taso har bakin garkarmu ta dabino, masu yanka filaye kullum suna zagaye ta da ido.

Ka tuna Barde, namijin dabinon da Kaka ya dasa? Kai ka koya mini cewa macen dabino ba ta haihuwa sai an aurar da ita, a yanko furen namiji, a hau, a cusa shi cikin nata, a ɗaure. Kuma ka ce furen Barde kaɗai za a sa wa itatuwanka. To Baba, Barde ya tsufa. Furensa ba ya buɗewa sai matan sun kusa gamawa, in ka kaɗa shi a tafin hannu garin da ke zubowa bai kai a shafa a goshi ba. Na faɗa maka sau ɗaya, ka yi kwana uku ba ka amsa gaisuwata ba.

Ga abin da na ɓoye maka. Shekaru huɗun ƙarshe, da ƙafa ta hana ka hawa, ba furen Barde nake sawa ba. Giade nake zuwa, wurin Malam Buba. E, shi, wanda shanunsa suka cinye maka dashe tun ina firamare, ka rantse ba kai ba shi. Namijinsa yana buɗewa da wuri, garinsa kamar an zuba tsaba. Nakan hau da furen Barde a hannu don ka gani, nasa kuma yana cikin riga. Dabinon nan masu tsoka da kake raba wa mutane a ƙofar masallaci kana yabon Barde, 'ya'yan itacen Malam Buba ne. Ba ka taɓa zargi ba? Ko ka sani ka yi shiru?

Bayan rasuwarka abin ya dame ni, na gaya wa ƙanenka, Baffa Sale. Ya ce na ci amanarka kana raye, kada in ƙara kana kabari. Na bi maganarsa. Bara Barde kaɗai na sa. Ka san abin da muka samu? 'Ya'ya ƙanana marasa ƙwallo, suka yi ta zubewa tun suna kore. Inna ta tsaya a gindin itace tana kallon ƙasa. Nan take Yaya Sani ya ce garkar ta mutu tare da mai ita, a sayar a raba. Har ya kawo mutum da igiyar awo.

Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Bana na tafi Giade da rana tsaka, na yi sallama a ƙofar Malam Buba kowa yana gani. Ya tsufa ƙwarai. Ya yi maka addu'a mai tsawo, sannan ya ba ni fure, ya kuma sa aka cire mini ɗan da ya tsiro a gindin namijinsa. Na samo wani a Hardawa mai buɗewa a tsakiyar lokaci, don kada macen da ta makara ta rasa miji. Na dasa su ta gabas, inda iska ke shigowa. Baffa ya ce in tumɓuke. Na ce masa, cikin ladabi, hannuna ba zai yi ba, wanda zai yi kuma sai ya fara ture ni. Yanzu ba ya zuwa gidanmu. Yaya ma ya daina kirana.

Itatuwa ashirin da uku na aurar, duka sun kama. Nonon dabino ya yi nauyi har sai da na tallafe wasu da igiya. Jiya Inna ta fasa dabino ɗaya da haƙori, ta ciro ƙwallon ta nuna mini, ta yi dariyar da ban ji ba tun ranar da ka tafi.

Ƙaryar da na yi maka, ita nake neman gafara a kai, kullum bayan salla. Zaɓin namijin kuwa ban yi nadama ba. Kai ka koya mini duba fure, na duba, na ga abin da ka ƙi gani. Barde yana nan, ba mai sa masa gatari muddin ina numfashi, amma ya gama aikinsa. Garkar nan kuma ba za ta zama fuloti ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sada ka da Malam Buba a Aljanna ku sasanta da kanku.

Ɗanka mai taurin kai irin naka,
Habu