Kofin Baba Yana Tafe

Malappuram, ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Moidu,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Suhara da yara, Ya kuma sanya wa shagonka albarka a can Maskat. Mu nan sai godiya. Gwiwar Umma ta yi sauƙi, har ta koma fitowa tsakar gida tana yi wa masu sauko da kwakwa faɗa kamar da. Fousiya matar Jamshir ta shiga watanta, kullum muna sauraro, Allah Ya raba lafiya. Zafi kam bana ba a magana, rijiyar bayan gida ta ja baya sosai.

Na rubuto ne ban kira ba, don a waya ba ka barin mutum ya dire magana, ni kuwa yau sai na dire tawa. Kulob ɗin ƙwallon ƙafa ya sallami ƙanenka Jamshir. Na san ka ji, tunda labarin ya zagaya duk wayoyin mutanen garinmu da ke can, amma ban ga alamar ka san yadda aka yi ba, ko kuma ka sani kana nuna ba ka sani ba.

Ka san dokar gasarsu: albashin 'yan wasan kulob gaba ɗaya yana da iyaka, kome kuɗin mai kulob ba ya tsallake ta. In ana son shigo da sabo, sai an matse wani ko an cire wani. Bara manajansu Rajeevan ya kira Jamshir ya ce suna son ɗauko 'yan wasa biyu daga Manipur amma babu wuri, shi kyaftin ya taimaka. Ƙanenka, ka san halinsa, ya yarda aka yanke masa albashi. Rajeevan ya rungume shi a gaban 'yan jarida yana kiransa ginshiƙin kulob. Bana kuma tsakar kakar wasa suka ƙyalla ido suka ga wani ɗan gaba daga Brazil, mai albashin mutum uku. Suka sake dawowa kan ginshiƙi. Wannan karon ya ce a'a, matarsa na da ciki, gininsa ko rufi babu. Korarsa kuwa ba ta yiwuwa haka kawai, don kwantiraginsa sai ƙarshen baɗi, kuma in sun sallame shi ba tare da laifi ba albashinsa yana nan a kansu, wurin bai buɗe ba. Laifi suke nema, Jamshir kuma ya sani. Shi ke fara zuwa atisaye, shi ke tashi a ƙarshe. In ya zo gida hutu, ko shayi ba ya tsayawa sha a bakin filin ƙwallon ƙauye ta mutum bakwai-bakwai, don kar wani ya ɗauki hoto.

Ana cikin haka ka aiko da kofi. Ban ce ka yi laifi ba da ka sa wa gasar bakwai-bakwai ta garinmu ta bana sunan Baba, Allah Ya jiƙansa, ya cancanci fiye da haka. Amma me ya kai ka matsa wa yaron nan? Ina zaune kusa da shi ranar da ka kira, kana cewa abin kunya ne a buga wasan ƙarshe na gasar Baba, ɗansa da ake gani a talabijin yana lulluɓe a ɗaki kamar amarya. Ya ce maka kwantiragi ya hana shi taka filin bakwai-bakwai. Ka ce kowa na yi, shi ne waliyyi? Ka kira da safe, ka kira da yamma, ka haɗa shi da Umma, har ka ce in da Baba na raye da bai roƙa sau biyu ba. Wannan kalmar ita ta karya shi, kuma ka san za ta karya shi kafin ka faɗe ta.

Gaskiyarka ɗaya, kowa na yi. Tun muna yara, da an girbe shinkafa an kafa rumfunan gora a fadama, 'yan manyan kulob ke saci jiki su zo. A ba mutum wata riga da sunan aro, mai shela ya sani, 'yan kallo sun sani, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Shi kansa Rajeevan bara shi ne babban baƙo a gasar ƙauyen da ke tsallaken rafi, yana zaune a kujerar gaba yana loma da biriyani, 'yan wasansa biyu suna gudu a gabansa da sunayen da ko iyayensu ba su sani ba. Abin yana tafiya ne muddin ba a ambaci suna ba. To Jamshir ya yarda a kan zai shiga dab da tashi, da sunan Bashir. Ya je da ƙafarsa wajen Kawu Alawi, tunda shi ke riƙe da lasifika shekara da shekaru, ya roƙe shi. Kawu ya dafa ƙirji ya ce haba ɗana, ni za ka koya wa wannan aiki, tun ba a haife ka ba nake ɓoye manya.

Ina cikin rumfar mata, da idona na gani. Ana kunnen doki, rana ta yi sanyi, aka saka shi. Aka samu bugun kwana, ya tashi sama ya sa kai, ƙwallo ta shige raga. Rumfar gora har rawa take yi. Sai kawai muryar Kawu ta fashe daga saman bishiyar kwakwa inda aka ɗaure lasifika: wane Bashir kuma, jama'a ku buɗe ido, wannan Jamshir ne ɗan marigayi Kunjahammad, ɗan ƙanwata, kyaftin ɗin da kuke gani a talabijin! Bai tsaya nan ba, ya kama sunan kulob ya yi ta nanatawa kamar mai tallan kifi. Wayoyi duk suna sama. Kowa na tsalle, Jamshir kaɗai ya tsaya cak a tsakiyar fili, ya riƙe ƙugu yana kallon lasifikar nan. Wallahi Yaya, tun a nan na san an gama.

Sati bai zagayo ba suka kira shi ofis. Rajeevan ya sa aka kawo masa shayi, ya tura masa waya ya kalli kansa, ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai amma doka ba ta san ɗan gida ba. Jamshir ya tambaye shi, to biriyanin bara fa? Mutumin nan, ko kunya, ya ce bara ai babu wanda ya kira suna. Daga baya wani abokin wasansa ya gaya masa tun daren da bidiyon ya fita aka saya wa ɗan Brazil tikitin jirgi. Shekarun da ya yi yana tare musu baya, haƙorinsa da ya bari a filinsu, albashin da ya sadaukar bara, duk shayi kofi ɗaya suka biya shi. Ya buga wa sauran kulob-kulob waya, kowa ya ce wurinsa ya cika, kuma wa zai matse yaransa saboda mai tsaron baya da ya haura talatin? Raina yana ƙuna, Yaya. Ban taɓa jin haushin mutane irin na wannan karon ba, kuma ba Rajeevan kaɗai nake nufi ba.

Kawu Alawi ya zo da nonon ayaba wai ban haƙuri. Ya ce jini ne ya motsa, baki ya kufce. Da ya tsaya nan da sauƙi, sai ya ƙara da cewa ai ko ba komai duk yankin nan an san ɗan waye, kuma yanzu ɗana ka huta, sai ka buga da sunanka na gaskiya. Umma ko ruwa ba ta ba shi ba, yayanta ne amma ta tashi ta shige ɗaki. Abin takaici, maganarsa ce ta tabbata. Masu ƙungiyoyin bakwai-bakwai sun fara sallama a ƙofar gida, a biya shi wasa-wasa, a kan busasshiyar ƙasa, inda kowane matashi burinsa ya ce shi ya karya ƙafar ɗan talabijin, babu likita babu komai. Ya karɓi na ranar Asabar saboda haihuwa na tafe. Jiya motar shela ta wuce ta gaban gida tana kwarara sunansa da na Baba. Yana zaune a baranda yana wanke takalmansa, bai ɗago ba.

Kai kuma da ka kira ranar Juma'a, me ka tambaye ni? Wai in turo maka hoton kofi, kuma sunan shagonka ya fito sosai a jikin ƙyallen da aka rataya? Ya fito, Yaya, har daga bakin titi ana karantawa. Abin da nake so da kai ɗaya ne. Ka kira ƙanenka da kanka, ba ta bakin Yaya Suhara ba. Kar ka yi masa tayin aiki a shagon taya, kar ka ce masa haka Allah Ya so, ya fi ka sani. Ka ce masa kai ka tura shi, kuma ka ba shi haƙuri. Bai ambaci sunanka da mugun abu ko sau ɗaya ba, wannan ne ma ya fi damuna.

Ka gaida min Yaya Suhara da kyau, da Nihal da Amna, ka ce Gwaggonsu tana kewarsu. Mijina Saidali yana gaishe ka, Fousiya ma haka. Hamsa Koya maƙwabcinmu, da zai koma bakin aikinsa a Maskat jibi, shi zai kawo maka takardar nan tare da ƙunshin da Umma ta saba aiko maka. Za ka ji shi da nauyi. Garinmu ne ya ci kofin, kwamiti ya kawo shi gida don girmama Baba, Umma kuwa ta ce ba zai kwana mata a ɗaki ba, a kai wa mai shi. Hamsa ya ce kayan jirgi suna da iyakar nauyi, in kofi zai shiga sai an cire wani abu. Umma da hannunta ta ciro kwalbar mangwaro mai yaji da ta jiƙa maka tun farkon zafi, da soyayyar ayabarka, ta aika wa Jamshir da su.

Ƙanwarka,
Ramlath