Layi Ɗaya da Na Buga a Furojet ɗin Anti

Assalamu alaikum 'yan zaure. Mai kula da zauren nan don Allah ka goge adireshin imel ɗina kafin ka tura, sunayen ciki ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe tukuna, kada wanda ya turo min "Allah Ya ba da haƙuri" kawai, wata uku ke nan ina jin ta.

Kowa a garinmu cewa yake jahilci ne ya kashe Yayana. Wai matarsa ce ta zauna tana ɗura masa nono maimakon ta nemi mota a kai shi asibiti. Ba haka ba ne. Takarda ta bi, takardar kuma da hannuna na buga ta.

Ni sakandare na tsaya, ina aikin taifin a wani shagon kwamfuta a Kura. Ɗaliban makarantar koyon jinya suna kawo min furojet ɗinsu, in buga, in gyara musu jerin rafarans na ƙarshe, wato sunayen littattafai da mujallun da suka ce daga nan suka samo maganarsu. Bara 'yar Gwaggona, zan kira ta Anti Rabi, ta shiga shekarar ƙarshe, ta ɗauki furojet a kan illar maganin feshi ga manoman tumatir na Kura da Bunkure. Malamin da ke duba mata aikin ya dawo mata da babi na biyu duk jan biro, ko'ina ya rubuta ina madogara, ina madogara. A ciki akwai layi ɗaya da ta kwaso daga wani tsohon furojet, cewa shan nono bayan feshi yana karya dafin maganin. Ba wanda zai yi musu da wannan a nan, tun muna yara muke gani, mutum ya sauke famfon feshi ya tsayar da mai nono a bakin kanal ɗin ban ruwa ya sha ƙwarya guda. Amma tsohon furojet ɗin bai faɗi inda ya samo ba.

Anti tana fostin, wato koyon aiki a asibitin wani ƙauye, ta bugo min waya ta ce in shiga Kano kafe ta intanet in nemo mata inda masana suka faɗa. Na je, na sayi tikitin awa ɗaya. Kun san yadda kafe take, shafi ɗaya sai ka ƙirga silin kafin ya buɗe. Wanda ya buɗe ba sunan marubuci, wanda yake da suna sai ɗan taƙaitaccen bayani na sama, sauran a kulle. Saura minti goma, wani yana tsaye a kaina yana jiran kujera, sai na ga wata mujallar likitoci da kalmar nono a kan maganar. Na kwafe sunan Baturen da shekarar da lambar shafi, na tashi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na hango kalmar jarirai a layi na biyu, na kau da kaina. Da na kai wa Anti ta tambaye ni, "Kin gani da idonki?" Na ce mata sai ka ce yau na fara. Ba ta buɗe ba, malaminta ma bai buɗe ba, ya ga suna da shekara a cikin baka ya yi tik.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Sai Anti ta fassara shawarwarin furojet ɗin da Hausa, shafi ɗaya, don wayar da kan manoma. Ni na buga. Shawara ta uku ita ce a sha nono, na ƙara da kaina a ƙasa da manyan baƙaƙe, BINCIKEN MASANA YA TABBATAR, don ya yi kyau. Aka yi fotokofi, aka liƙa a shagon mai sayar da maganin feshi, aka raba a majalisa. Yayana Auwalu ya karɓi ɗaya yana ta tsokanata, wai ga Likita bokan Turai ta gidanmu, daga yau shi ba ya zuwa asibiti sai shagon kwamfuta. Ya kai wa matarsa Hassana, da yake ta yi ajin yaƙi da jahilci tana karanta Hausa, ta liƙa a bayan ƙofar ɗakinsu.

Ranar da abin ya faru tsutsa ce ta faɗa wa tumatirinsa wajen Kadawa, tun safe yake feshi, famfon yana ɗiga a bayansa, rigar ta jiƙe sharkaf. Da azahar ya dawo gida kansa na sarawa, gumi, yawu na zuba. Hassana ta duba bayan ƙofa, ta ruga da kanta har rugar da ke bayan gari ta karɓo nono, ta ba shi, ya yi amai, ta ɗauka dafin ne ke fita, ta ƙara masa. Rigar tana jikinsa duk wannan lokacin, don takardarmu ba ta ce a cire ba. Sai bayan la'asar da numfashinsa ya fara ƙara ta yi ihu, aka sa shi a motar ɗaukar kwandunan tumatir. Bai kai magariba ba. Wata dattijuwar nas a asibitin ta yi ta faɗa, wa ya ce ku ba shi nono, me kuke yi tun azahar. Ina tsaye a wajen.

Bayan sadakar bakwai na koma kafe na buɗe mujallar nan na karanta a hankali da ƙamus. Maganar shayar da jarirai nonon uwa ce daga farko har ƙarshe, ko kalmar feshi babu. Daga nan na wuce laburaren makarantar su Anti, na ce wa Hajiyar da ke kula da wajen an aiko ni. Ba ta yarda ba, amma ta zaunar da ni. Ta ce abu biyar take faɗa wa ɗalibai kullum ba sa ji: wa ya rubuta, mene ne aikinsa, a ina aka buga, wace shekara, sannan ka buɗe shafin ka ga ko abin da kake so ya faɗa shi ya faɗa. Ta ce tsohon furojet ba madogara ba ne, ɗalibi ne irinka ya rubuta yana sauri. Ta sauko min da littattafan jinya biyu, duk abu ɗaya suka ce: a cire kayan jikin mutum, a wanke shi da sabulu da ruwa, a kai shi asibiti nan take tare da kwalbar maganin, kada a tsaya ba shi nono ko mai. Da na dawo na ɗauko kwalbar da Yaya ya bari a zaure. A jikinta ma an rubuta a gaggauta kai mutum asibiti, da ƙananan baƙaƙen Turanci. Shi bai iya karantawa ba. Ni na iya, ban taɓa juya kwalbar ba, na tafi har Kano neman abin da ke zauren gidanmu.

Sai kwanan nan na iya faɗa wa Anti. Ta yi kuka, sannan ta zage ni tas, ta ce na cuce ta, ni ma na ce mata ke da za ki riƙe allura me ya hana ki buɗe shafi ɗaya. Da muka huce sai ta ce mu bi mu cire takardun a ɓoye mu yi shiru, jarrabawarta ta ƙarshe saura sati biyar, in makaranta ta ji akwai rafarans na ƙarya za a soke furojet ɗin, wataƙila ma a kore ta, shekara uku ta tafi a banza, kuma Gwaggo ba za ta ƙara kallon Innata ba. Na gwada. Na je na yage ta shagon mai magani, ya yi dariya ya ce yana da saura a durowa, ai likitoci sun tabbatar, ni wace ce. Satin da ya wuce kuma wata ɗaliba ta kawo min furojet in buga, ga layin nan, ga sunan Baturen nan, ta ƙara da sunan Anti a matsayin madogara ta biyu. Na ce mata kwamfuta ta lalace.

Abin da ya sa na kasa cin abinci shi ne Hassana. Tana takaba a gidanmu, Inna ba ta amsa gaisuwarta, ta ce da ta fita takaba ta tafi gidansu ta bar yaransu biyu, ba za ta bar jikokinta a hannun wadda ta zuba wa ɗanta ido ya mutu ba. Da Hassana ta ambaci takardar, Inna ta ce takardar masu ilimi ba ta kuskure, ita ce ba ta iya bi ba. Hassana kuma ta yarda. Shekaranjiya ina taya ta tsince shinkafa ta rage murya ta ce min, "Ke da kika yi boko, faɗa min tsakani da Allah, ko kindirmon ne bai dace ba? Da tsala na ba shi da ya tashi?" Na ce mata ana kirana a shago.

To ga tambayata. Akwai nas-nas da malamai a zauren nan. In ɗaliba ta je da kanta ta ce rafarans ɗinta ɗaya ƙarya ne, kuma mai taifin ce ta sa, korarta ake yi ko gyara ake sa ta? In je wajen malamin nata yanzu, ko in jira ta gama jarrabawa, alhali kullum da safe ina ganin mutane suna wucewa da famfo a baya? Ta yaya ake janye takardar da ta riga ta shiga durowar mutane?

Wannan shi nake jira daga gare ku. Ɗayan kuwa na riga na yanke, ba shawara nake nema a kai ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan ɗauki kwalbar nan da takardar bayan ƙofa in shiga ɗakin Inna, in kira Hassana ta zauna, in karanta musu duka biyun da Hausa, in faɗa musu wa ya buga shawara ta ukun nan ta shan nono. In Inna tana neman wadda za ta daina amsa wa gaisuwa, ga ni, ita ta haife ni.