Sunan da Ka Ba da Aro

Samaru, Zariya,
Ranar Alhamis da hantsi.

Zuwa ga maigidana, Baban Rahila,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana hutawa lafiya a wurin Ubangiji. Na san babu mai kai maka wannan takarda, ba kuma za ka ɗauko tabaron nan naka mai ƙafa ɗaya ka karanta ta ba. Amma labarin da ke bakina ya fi ƙarfin cikina. Na gaya wa kowa a unguwa har sun fara kauce mini a hanya, saura kai. Kai kuwa kai ne mai labarin.

Ƙanenka Bulus ya ci zaɓe. Ka ji ko? Bulus ɗinmu, mai cinye mini ƙanzon tuwo yana cewa taya ni wanke tukunya yake yi, yau shi ne ciyaman a can babban birnin da ya zauna. Kasuwanni, tashoshin mota, makarantun firamare, har masu kwashe shara, duk a ƙarƙashinsa suke. A rediyonka na ji, baƙar nan da ka yi wa eriya da wayar keke. Ina tsakar gida ina yankan alayyafo, mai labarai ya faɗi sunan wanda ya ci, sai na ji sunanka. Shekara ashirin da wani abu na san da sunanka yake amfani, amma sai da wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na rangaɗa guɗa ni kaɗai har kaji suka watse, sannan na zauna a kan turmi na yi kuka.

Kai ba ka taɓa ba ni labarin nan a jere ba. In na tambaya sai ka ce ya wuce, ka sunkuya kan wata rediyo. Mama, mahaifiyarku, ita ce ta ba ni shi ina amarya, muna ɓarar gyaɗa. Ta ce kai ka ci jarrabawar shiga sakandare, takarda ta zo da sunanka, har an saya maka akwatin ƙarfe. A daminar nan Baba ya rasu. Kai ne babba, ga ƙanne, ga Mama ba ta da kowa. Sai ka ajiye akwatin ka tafi Sabon Gari koyon gyaran rediyo. Kawunku ya ce ba za a bar gurbi ya tafi a banza ba, tunda takardar ba hoto a jikinta. Aka aske wa Bulus kai, aka ba shi akwatinka da takardarka, aka ce daga yau in an kira sunan yayanka ka amsa. Mama ta ce makon farko sai da ya sha bulala sau uku, don ana kiran suna yana waige yana neman ka.

Daga nan fa sunan ya bi shi. Da shi ya gama aji biyar, da shi ya shiga jami'ar nan ta Samaru ya karanta kimiyyar siyasa, da shi ya yi bautar ƙasa ya sami aiki a birni. Karatun nasa ne, wannan ba na musu. Na gan shi da idona yana kwana uku bai fita ɗaki ba sai littafi da garin kwaki. Amma duk takardar da aka ba shi, sunanka ne a kai. Kai kuma ka koma Mai Rediyo a Sabon Gari, Baban Rahila a gida.

Ka tuna lokacin da ya nemi sakataren ƙungiyar ɗalibai? Ka haɗa lasifika da batirin mota, ka ɗaure a bayan kekenka, ka yi ta zagaye Samaru tun daga bakin kasuwa har ƙofar jami'a kana kiran sunanka da bakinka, kana cewa a zaɓe shi. Tsofaffin da suka san maganar suna dariya suna cewa Mai Rediyo ya fito takara. Ka dawo murya ta dushe, na dama maka kunun tsamiya ka sha, kana ta murna kamar kai aka naɗa. Ni ma na yi dariya ranar. Amma yau zan gaya maka, da na shiga madafi dariyar ba ta bi ni ba.

Ba ka ga ƙarshen tafiyar ba. Ka ga ya zama kansila, ka ga ya fara neman ciyaman karo na farko, sai ciwon nan ya kwantar da kai. Akwai abin da ban manta ba a asibiti. Mai yankan kati ya tambayi sunanka, sai ka dube ni, kamar mai neman izini. Sunanka ne fa, wanda aka raɗa maka. Me ya sa sai ka yi tunani kafin ka faɗa? Wa kake tsoron ka ɓata wa?

To, ga abin da na daɗe ina ɓoye maka. Da ka rasu, saura mako shida a yi wancan zaɓen. Mutanen Bulus suka zo ta'aziyya, suka ja ni gefe, suka ce don Allah kada a rubuta sunan a kan kabari, kada 'yan adawa su ɗauki hoto su ce ɗan takara mamaci ne. Bulus yana tsaye a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Ni kuma na yarda. Shi ya sa shekara uku ke nan a makabartar cocinmu kowa na kwance da sunansa da na ubansa, kai kaɗai aka rubuta maka Baban Rahila a jikin gicciyen katako. Zaɓen ma bai ci ba. Duk ranar da na je share maka ciyawa sai in ji kunya ta hana ni daɗewa. Ka yafe mini.

Ban gama ba. Bana da ya sake fitowa, wasu mutum biyu suka same ni a rumfata ta kayan miya a kasuwar Sabon Gari, da manyan riguna da gaisuwa mai tsawo. Daga ɓangaren abokin takararsa suke. Sun ji ƙishin-ƙishin, suna son takardar aurenmu, tunda sunanka na gaskiya ke jikinta, da hoton kabarin. Suka ce ai haƙƙin mijina za su ƙwato mini. Baban Rahila, ban kore su ba. Na ce su dawo bayan mako guda. Na zo gida na ciro takardar daga ƙasan akwati, na sa mai hoto ya ɗauko gicciyen, na saka su a jakata. Kwana bakwai ina zuwa kasuwa da su ina dawowa da su. Ina auna wa mutane barkono ina jin nauyinsu a kafaɗata.

Ba kirki ne ya hana ni ba, kada ka yabe ni. Haushi nake ji sosai. Sai dai duk sanda na ce zan miƙa, sai in gan ka a kan keken nan da lasifika, gumi na zuba, kana dariya. Na ce in na ba baƙi, kai zan kunyata. Ranar da za su dawo ban fita kasuwa ba. Na sa takardar da hoton a ambulan, na ba Rahila kuɗin mota, na ce ta kai wa baffanta Bulus hannu da hannu, kada ta ƙara ko kalma ɗaya. Ta ce ya buɗe, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ta ko ta ci abinci.

Wata biyu shiru. Ga wayar hannu yanzu ta cika gari, har ni Rahila ta saya mini, amma ko sau ɗaya bai kira ba. Na ce shi ke nan, na yanke zumunci da hannuna. Aka yi zaɓe, ya ci, aka rantsar da shi, duk a rediyo na ji. Sai ga saƙo ta bakin Fasto cewa ciyaman zai zo sujadar godiya a cocinmu ranar Lahadi, wai ya ce lallai in zo.

Da ka ga Samaru ranar nan. Motoci tun daga bakin titi har gindin mangwaron coci, 'yan acaɓa sun rasa wurin wucewa. Zumuntar mata mun sha anko, mawaƙa sun kwana biyu suna gwaji. Maƙwabtanka na layin masu gyara a Sabon Gari duk sun zo, har tsohon da ya koya maka aiki, jikokinsa suka riƙo shi. Abokanka Musulmi suka zauna a benci a waje ƙarƙashin rumfa. Ni na lafe a layi na huɗu, na ce in ya gaishe ni in amsa, in bai gaishe ni ba in koma gida in ci tuwona.

Bayan wa'azi aka ba shi dama ya yi godiya. Ya tashi da babbar riga fara, ya yi ƙiba, wuyansa har ya ninku. Na zaci zai jero alkawuran rijiyoyi da kwalbatoci irin nasu. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro hoton nan. Ya ce sunan da aka kira shi da shi yanzu ba nasa ba ne, aro ne, kuma mai shi yana kwance a bayan wannan ginin babu suna a kansa. Ya ba da labarin duka, da akwatin ƙarfe, da bulala ukun, da keken lasifika. Ya ce ranar da aka roƙe ni a bar kabari haka yana tsaye yana ji, ya yi shiru don yana son kujera. Ya ce ya riga ya je kotu ya yi rantsuwa, ya sa an buga a jarida, daga yau shi Bulus ne, sunan da uwarsa ta ba shi. Sannan ya sauko daga gaba, ciyaman guda, ya zo layi na huɗu ya durƙusa a gabana da rigar nan tasa a kan siminti.

Ni kuma ka san bakina. Na ce masa ya tashi kada ya ɓata rigar gwamnati, kuma ɗan siyasa dai ɗan siyasa ne, tunda sai da ya ci zaɓe tukuna ya tuna da gaskiya. Mutane suka fashe da dariya, shi ma yana dariya hawaye na zuba. Daga nan ban san wa ya fara waƙa ba. Na dai tsinci kaina ina rawa a tsakiyar coci, ni da gwiwar nan tawa, ɗankwalina a hannun wata. Rabona da farin ciki irin wannan tun ranar da aka haifi Rahila.

Kada in ɓoye maka, abin bai tafi a banza ba. Ranar Litinin 'yan adawa suka shigar da ƙara, suna cewa a ƙwace kujerar. Lauyoyinsa sun ce kowace jarrabawa tun daga aji ɗaya na sakandare da hannunsa ya rubuta, ta farkon ce kawai taka. Ko alƙalai za su ji wannan, ban sani ba. Mutanensa suna ta faɗa da shi, wai ya tona wa kansa asiri ba wanda ya tambaye shi. Ya kira ni jiya, ya ce in kujerar ta tafi ta tafi, ya gaji da amsa sunan da yake sa shi waige. Ina masa addu'a ta zauna, don na ga alama zai yi aiki. Kai fa, me za ka ce? Na san ka, da kana nan da ka yi masa faɗa ka ce ai kyauta ka ba shi.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu da hantsin nan na bar rumfa a rufe. Jibi Asabar birkila zai zo ya zuba wa kabarinka siminti, ya rubuta sunan da ƙusa tun yana ɗanye. Bulus ya ce shi ba zai faɗa wa birkilan abin da zai rubuta ba, bakinsa ya riƙe sunan ya isa haka. Ya ce ni zan faɗa, a gaban kowa. Ka ga ƙanen nan naka da neman magana? Ya san sarai ban taɓa kiran sunanka ba. Ko ranar aurenmu da Fasto ya ce in maimaita, cikin mayafi na haɗiye shi har mutane suka yi dariya. Shekara ashirin da biyar ina cewa Maigida, ina cewa Baban Rahila, ina cewa shi. Ɗalibai sun kira shi a jami'a, an manna shi a bango, an faɗe shi a rediyo, duk ƙasar nan ta ji shi, ni kaɗai mai shi ban taɓa ɗanɗana shi a bakina ba.

Tun jiya nake gwadawa a madafi, in na buɗe baki sai kunya ta kama ni kamar kana bayana. Shi ne na ce bari in fara a takarda, inda daga ni sai kai.

Ishaya.

Ishaya Dauda. An dawo maka da shi, mijina. Sai Asabar, zan zo da wuri in share ciyawa kafin mutane su taru.

Huta lafiya.

Taka har mu sadu,
Saratu, matar Ishaya.