Baƙin Maiƙo a Fuskar Lotte

Hamburg, 3 ga Maris, 1941

Zuwa ga ɗiyata Liselotte,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya. Ni ban da ita.

Jiya maƙwabcina ya ja ni silima, wai zan ga abin alfahari. Na gan ki. An mulke ki da baƙi kamar gindin tukunya, an ɗaura miki zanen kaba, an maƙala miki ƙashi a hanci, kina durƙushe gaban wani hafsa kina sumbatar takalminsa. Mutane suka yi ta dariya, na bayana har yana dukan kujerata.

A Duwala ta ƙasar Kamaru aka haife ni, ban taɓa ganin mace da ƙashi a hanci ba. Kakarki da injin ɗinki ta ciyar da mu. Ce mini kika yi aikin ofis kike a Berlin.

Ki tattara kayanki ki dawo.

Mahaifinki,
Anton Ekwe

*

Berlin, 9 ga Maris

Babana,

Ina gaishe ka, ya ƙafar taka? Ta hannun Hinrich mai aikin jirgin ƙasa na aiko wannan. Ka karanta ka jefa a murhu.

Ƙarya na yi maka, na amsa. Kullum da safe matar da ke mana kwalliya tana kama haɓata ta ce, "Uwarki Bajamushiya ta ɓata mana aiki, kin yi haske da yawa." Awa guda tana shafa min maiƙon nan. Wanda ke fitowa a sarkinmu ma Bature ne fari sol, daga tukunya ɗaya ake ɗibar mana, yana zare ido yana tambayata ko haka ake yi a garinmu. Garinmu, Baba! Ni da aka haifa bakin kogin Elbe.

Amma ka tuna Gerda da muka yi makaranta tare? Ta ƙi aikin, ta ce ita ba biri ba ce. Mai aikin fim yana da takardar da ke kare shi daga hukuma, ita ba ta da ita. Hukuma ta kai ta asibiti da ƙarfi wata biyu da suka wuce, aka yi mata tiyata. Ba za ta taɓa haihuwa ba.

Baba, cikina wata huɗu.

Akwai kuma wata. Na ji hukuma tana rubuta sunayen baƙaƙe irinmu marasa aiki a Hamburg. Fim na gaba suna neman tsoho da zai durƙusa ya miƙa ƙasarsa. Na ba da sunanka ban tambaye ka ba. Ran Litinin, 17 ga wata, za a fara. In za ka zage ni, ka zo nan ka zage ni.

Taka,
Lotte

*

Hamburg, 12 ga Maris

Lotte,

Na ƙona. Ki tare ni a tasha ran Lahadi, jirgin rana.

Ki gaya wa matar nan ta bar tukunyarta a rufe, ni Allah ya gama min nawa. Zan durƙusa. Abu ɗaya nake roƙo: ranar da za a ɗauka, kar ki tsaya a wurin.

Ki riƙa cin abinci.

Babanki