An Ce Laifi Ya Ragu, Ni Kuwa An Hana Ni Guɗa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsaron Garinmu,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, kafin gaisuwa ga kacici-kacici, kai da duk mai karanta takardar nan: wace unguwa ce kullum ana tarewa cikinta, ba a taɓa satar akuya ba, ba a taɓa jin faɗa ba, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙarar maƙwabcinsa? Riƙe ta a kunci kamar goro, kada ka yi saurin taunawa.

Bayan haka, ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni ce Inna Kulu mai guɗa, ƙawar marigayiya kakarka, don haka kai mijina ne na wasa ko ka so ko ka ƙi. Ni na rangaɗa guɗa ranar sunanka har kaji suka watse. Karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, in ka ga rubutu ya karkace ka daidaita shi da idonka.

Na ji ka a rediyo ranar Juma'ar da ta wuce kana cewa laifi ya ragu a garin nan, wai masu kawo ƙara sun yi ƙaranci, gari ya yi tsit. Tun ranar nake kai da komo tsakar gida, na ajiye tsintsiya na manta inda na sa ta. Bari in faɗa maka abin da ya hana ni zama.

Na ɗaya. Na ga laifi kala-kala, kuma bai taɓa raguwa a idona ba, riga yake sakewa. Muna 'yan mata, babban ɓarawo shi ne mai shafe jiki da mai ya ɗauke akuya. In an kama shi a rataya masa ita a wuya zuwa gidan hakimi, yara na biye suna masa waƙa. Da na yi aure sai 'yan fashi suka fara jera duwatsu a hanyar kasuwar Gummi, su karɓe abin hannunka su bar ka da ranka. Da zinari ya fito wajen Anka, baƙi suka cika gari, wuƙa ta fara yawo a ƙugun samari. Sai masu babura suka zo, suka fara da shanun Fulani maƙwabtanmu, da shanu suka ƙare suka koma kan mutane. A duk waɗannan zamunna muna ihu, muna kai ƙara. Wanga zamani ne kaɗai aka yi mana ɓarna muka rufe baki.

Na biyu. Ka san dalilin rufe bakin? Yanzu mutanen daji ba su buƙatar shigowa gari, suna da kunnuwa cikinmu. Bara maƙwabcinmu Garba mai hatsi ya samu ɗa namiji. Aka ɗaure rago a ƙofar gida, na yi guɗa iya ƙarfina. Ba a yi nisa ba aka tare shi a hanyar gonarsa. Da suka kira gida a waya, cewa suka yi wanda ya iya tara jama'a da rago da mai guɗa ba zai rasa abin fansa ba. An sayar da gona kafin ya dawo, kuma har yau ba ya iya ɗaga hannunsa na dama. Iyalinsa ba su zo ofishinku ba, don wanda ya kai ƙara kafin su, bai iso gida ba labari ya isa daji. To ka ga Garba ba ya cikin lissafinka.

Na uku, nan ne zancen ya taɓa ni. Hadiza matar jikana Sani ta shiga watan haihuwa, cikinta na fari. Sani ya zaunar da ni kamar ni ce yarinyar, ya ce in ta sauka ba guɗa, ba taro, ragon ma a buhu za a shigo da shi ta bayan gida, a raɗa suna da liman da mutum biyu a watse. Dangin Hadiza na garin Adabka sun aiko cewa kada a jira su, hanya ba ta biyuwa. Na yi wa 'ya'yan gari guɗa, har da masu rowar goro irin gidanku, yau ɗan jikana zai shigo duniya kamar kayan sata. Kuma ban ga laifin Sani ba. In na buɗe baki, shi za a tare. Wannan shi ne tsit ɗin da ka ji ka yi murna.

Don haka ga roƙona. Ka koma rediyo ka gyara maganarka, ka ce masu kai ƙara ne suka ragu. Ku samar mana hanyar da mutum zai faɗi abin da ya gani ba tare da sunansa ya isa daji ba. Ku nemo kunnuwan nan na cikin gari, ba a sama suke ba, shayi suke sha a bakin kasuwa. Ku sa jami'ai a hanyoyin gona da safe da la'asar, ba a ƙofar ofis ba inda inuwa take. Kuma ku yi sauri, ciki ba ya jiran zaman kwamiti. In Hadiza ta sauka kafin ku motsa, zan haɗiye guɗata, don ran jikana ya fi mini murnar suna.

Allah Ya yi maka jagora, Ya tsare ka da iyalinka, Ya haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya, Ya sauki Hadiza lafiya.

Unguwar da na tambaye ka maƙabarta ce. Tana bayan gari, kuma bana sai da aka ƙara mata fili.

Wassalam,
Inna Kulu mai guɗa.