Ukasha, Wa Ke Riƙe da Wayarka a Kan Dutsen Nan?

Zuwa ga ƙanena Ukasha, a duk inda kake cikin duwatsun kudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan saƙo ya same ka kana tsaye da ƙafafunka. Na rubuta shi a fili, inda kowa zai karanta, domin na daina yarda cewa abin da nake aika maka ta waya kai ne kake buɗewa. Wataƙila cikin masu karantawa akwai mai aiki wajejen Abha da zai isar maka.

Ka tuna ranar da ka same ni a shagon ɗinki a Bab Makka, bakinka ya ƙi rufuwa? Ka ce wani mutum ya zo unguwarmu ta Mahjar yana ɗibar samari, wai kamfaninsu ne ke samar wa hukumar kula da dazuzzuka masu kashe gobarar daji. Za a horar da ku, a ba ku kayan aiki, kamfanin ya zama kafilinka mai tsaya maka a hukuma, ya sabunta maka iƙamarka, takardar zaman ƙasa da ta mutu. Na ajiye almakashi na tambaye ka, duk faɗin Jidda me ya sa sai Mahjar ya zo nema? Me ya hana shi unguwannin da 'ya'yansu ke da cikakkun takardu? Ka yi dariya ka ce, "Halas, ya isa haka, Yaya, ke komai sai kin shinshina shi."

Kai da ka tashi tsakanin kwalta da teku, ba ka san wata bishiya ba sai ta gefen titi. Amma ka tafi, tare da Sale ɗan maƙwabciyarmu.

Da farko har na ji kunyar zargina. Kullum sai ka turo min murya, da Hausarka mai rabi Larabci, kana haki. Yau an ɗora muku jakar ruwa a baya kun hau tudu. Gobe an ba ku fartanya kun share ciyawa har ƙasa ta fito fili, don wuta ta iso ta rasa abin ci. Ka ce an koya muku idan wuta ta biyo tudu kada mutum ya gudu sama, domin ta fi shi saurin hawa. Ka ce malaminku dattijo ne daga hukumar, ba ya barin kowa ya taɓa tiyo sai ya nuna masa hanyar da zai bi ya tsira in iska ta juya. Ka rantse min cewa ba a kai sabon shiga bakin wuta sai ya gama horo.

Sai muka ga hayaƙi a talabijin ya rufe wani gefen dutse. Daga ranar muryarka ta ɗauke.

Saƙonni suna zuwa, ban ce ba sa zuwa ba. Amma a rubuce, da Larabcin ofis mai tsabta, ana ce min "'yar'uwata mai daraja". Ukasha, yaushe ka fara kirana haka? Kai da ko sunan atamfa ba ka iya rubutawa sai ka danna ka faɗa da baki.

Na kira mutumin da ya ɗebe ku. Ya ce sababbi duk suna sansani lafiya lau, sai dai waya ba ta kamawa a can. Na ce to ta ina rubutun ke fitowa? Ya ce yana cikin taro, ya kashe.

Shekaranjiya Sale ya dawo. Babu wanda ya rako shi. Na same shi a ƙofar gidansu da riga mai dogon hannu cikin wannan zafi, girarsa ta ƙone, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Na tambaye shi ko kun gama horon. Ya girgiza kai alamar a'a. Na tambaye shi ina dattijon malamin yake ranar gobarar. Ya ce ba shi ya kai ku ba, motar kamfani ce ta kwashe ku don hannu bai isa ba. Da na ambaci sunanka sai idonsa ya cika, ya ce, "Yaya, shi ya jawo ni ya fitar da ni." Uwarsa ta ja shi ciki ta rufe ƙofa. An gargaɗe su, na gani a fuskarta.

Ban raina aikinka ba, ɗan'uwana. Akwai gidajen mutane da dabbobinsu a gindin dazukan nan, dole wani ya tsaya musu. In har kai ka fitar da Sale, to babu wanda ya kai ni alfahari. Abin da ban yarda ba shi ne a tura yaro gaban wuta da rabin karatu, sannan a riƙe masa waya.

Akwai kuma zargin da ya fi min ciwo: wataƙila kai ka ce a ɓoye min. Na san halinka. Bayan rasuwar Inna, butar shayi ta ƙone ka a cinya, ka yi shiru kana ɗingishi har wurin ya ruɓe, wai don kada na ƙara kuka. Ni na wanke maka shi, ina kukan da ka so hana ni.

To ka ji. Na rufe shago, na bar wa maƙwabta mabuɗi. Gobe da safe zan shiga motar Abha. Zan fara da sansanin, in ba ka nan na bi asibitoci ɗaya bayan ɗaya. In na same ka lafiya kana cin shinkafa, ka yi min dariya son ranka, zan ɗauka. In kuma a kwance kake, kada ka ja mayafi ka rufe komai. Babu abin da zan gani a jikinka da ya kai shirun nan nauyi.

Allah Ya sanyaya maka duk inda wuta ta taɓa. Ya tsare waɗanda ke kan dutsen tare da kai, Ya mayar da kowa ga nasa. Ya nuna min kai da idona.

Taka har kullum,
Yaya Barira
Mahjar, Jidda